Yadda Ake Haɗa Katun na Tarbiyya da Hausa Don Ƙananan Yara, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ake ta yi mini a nan Damagaram, daga malaman jardan, wato makarantar ƙananan yara, da ɗaliban Jami'ar André Salifou, da iyayen da suka gaji da ganin ƴaƴansu sun kafa wa salula ido suna kallon zanen da ke magana da Faransanci ko Turanci: in mutum yana son ya haɗa namu na Hausa, ta ina zai fara, da wane kaya, kuma nawa zai ci? Ga amsar a jere. Abin da za mu haɗa shi ne fim na minti 3, don yara masu shekara 3 zuwa 5, da ƴan wasa huɗu a cikin tsakar gida ɗaya. Ka bi matakan yadda suka zo. Mafi yawan waɗanda suka fara suka watsar, tsallake suka yi: suka buɗe kwamfuta tun labari bai nuna ba.

1. Zaɓi hali guda ɗaya tak

Kafin ka taɓa alƙalami, ka amsa wannan da jimla ɗaya: in yaro ya gama kallo, me nake so in ga ya yi da hannunsa ko ya faɗa da bakinsa? "Ladabi" ba amsa ba ce, "girmama iyaye" ma ba amsa ba ce, don yaro ɗan shekara 4 ba ya iya kama su. Amsa ita ce irin wannan: ya durƙusa ya gaida Kaka da safe, ya karɓi abu da hannun dama, ya raba alkaki da ƙanwarsa, ya ce "ni ne" in ya yi ɓarna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fim ne mai zaman kansa.

Gargaɗi: kada ka cusa gaskiya da tsafta da salla da zumunci cikin minti 3. Ka ajiye sauran, su ne kashi na biyu da na uku.

2. Rubuta labarin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ba a kashe ko dala. Bari in ba da misali da za mu riƙe har ƙarshe. Ilu ɗan shekara 4 yana tura motar kara a tsakar gida, sai ya ture ƙwaryar furar da Inna ta dama wa Kaka. Ya ruga ya laɓe bayan randa. Yayarsa Zara ta gan shi, ta riƙo hannunsa. Ya tsaya gaban Inna ya ce, "Inna, ni na zubar." Inna ta ce, "Madalla da ka faɗa, Ilu. Ɗauko tsumma mu goge." Suka goge tare, aka dama wata, ya ɗauka da hannu biyu ya kai: "Kaka, ga furarki." Kaka ta ce, "Allah ya yi maka albarka, maigidana." Shi ke nan.

Ka lura da yadda aka raba lokacin. Ɓarnar da ɓuyan kada su wuce sakan 30. Sauran fim ɗin duka na faɗin gaskiya ne da gyara da kai fura. Masu nazarin yadda ƙananan yara ke fahimtar tele sun daɗe da lura cewa in aka daɗe ana nuna mugun hali, sannan a kawo darasi a sakan ɗin ƙarshe, yaro mugun halin yake riƙewa, don bai kai ga haɗa farkon labari da ƙarshensa ba. Wannan shi ne babban kuskuren da nake gani a katun ɗinmu: minti biyu da rabi yaro yana rashin kunya ana dariya, sannan dattijo ya fito ya yi wa'azi. Abin da aka yi dariya a kai shi za a kwaikwaya a gida.

Haka kuma kada Inna ta ɗaga hannu ko ta ce dodo zai zo. In yaro ya ga wanda ya faɗi gaskiya ya sha duka, ka koya masa ɓuya bayan randa ne. Iyaye ma suna kallo ta gefen ido, kuma yadda Inna ta amsa darasi ne gare su.

Maganar duka kada ta wuce kalma 250 zuwa 300. Jimloli gajeru, irin waɗanda yaro ke ji a gida. Ka maimaita muhimmiyar jimlar sau uku a wurare daban-daban, don maimaici bai gundurar ɗan shekara 3, daɗi yake masa. Ka sa wuri ɗaya da Zara za ta juyo ta dubi mai kallo ta tambaya, "Me Ilu zai ce wa Inna?", sannan a yi shiru na sakan 3 ko 4 don yaro ya amsa. Shirun nan zai yi maka tsawo kai babba. Kada ka rage shi.

Da ka gama, karanta wa wata uwa ko malamar jardan da babbar murya. Duk kalmar da ta ce yaranta ba sa faɗa, cire ta. Hausar gidajen Birni da Zengu da Garin Malam ita ce ma'auninka, ba ta labarun rediyo ba.

3. Tara kayan aiki da lissafin kuɗi

Manhajojin duk kyauta ne, kuma halal ɗinka ne ka yi sana'a da su: Blender don gina ƴan wasa da motsa su, Audacity don gyaran murya, Kdenlive ko Shotcut don haɗa fim. Kada wani ya sayar maka da Blender, kada kuma ka yarda a zuba maka manhajar sata mai tsada. Yawanci da ƙwayar cuta take zuwa. Blender ya ɗara mega 300, saboda haka mutum ɗaya ya sauke daga shafinsa na asali, sauran su kwafa a kile, wato ɗan ma'ajiyar USB.

Kwamfutar hannu ta fi ta tebur a wurinmu saboda batirinta, wanda zai riƙe ka in an ɗauke wuta. Ka nemi mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, jiga 8 aƙalla, 16 in da hali, da ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD. In da katin hoto na daban, wato ɓangaren da ke sarrafa abin da allo ke nunawa, irin na NVIDIA, ya fi. Kafin ka biya, ka je shago da Blender a kile, ka buɗe shi a kan kwamfutar a gaban mai shago. In ya ƙi buɗewa, ko allo ya yi baƙi, katin hoton ya tsufa: daga Blender 4.0 zuwa sama sai katin da ke ɗaukar OpenGL 4.3. Tsohuwar kwamfuta tana iya aiki da Blender 3.6, kuma ya ishe ka duk abin da ke cikin wannan jagora. Ka cire caja ka ga minti nawa batirin ke yi.

Sai linzami mai maɓalli uku, wato mai ɗan gare a tsakiya. Ba a aikin Blender da shafa yatsa a allon kwamfuta, wahala ce kawai. Sai ɗan makirfo na maƙalawa a wuyan riga, da abin sauraro na kunne, da ma'ajiyar waje ko manyan kile biyu, da na'urar daidaita wuta.

Farashi yana hawa yana sauka da kuɗin hanya da canjin naira, don haka ka tambayi shago uku kafin ka ciro kuɗi. Amma ga yadda nake ba da shawarar a raba abin da ke hannu. Cikin kowace jika 10, shida ko bakwai na kwamfuta ne. Ɗaya na makirfo da abin kunne da linzami. Ɗaya na ma'ajiya da kariyar wuta. Sauran na kuɗin intanet da ɗan abin da za ka ba masu murya da kuɗin kabu-kabunsu. In kana da kwamfuta tuni, to kusan babu abin da ya rage sai lokaci, kuma lokacin ne mai tsada: wanda bai taɓa buɗe Blender ba ya sa rai da watanni kafin fim na farko.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, yawancin kwamfutocinmu madannan Faransanci ne da su, waɗanda ke farawa da AZERTY, kuma lambobin layin sama ba sa fita sai an danne Shift, alhali Blender yana aiki da lambobin nan sosai. Ka juya madannan zuwa na Ingilishi duk lokacin da za ka yi aiki, ko ka sayi ƙaramin allon lambobi na haɗawa. Na biyu, ka bar Blender cikin harshen da malaminka na bidiyo ke amfani da shi. In darasin na Faransanci ne ka juya shi Faransanci, in na Turanci ne ka bar shi Turanci, in ba haka ba sunayen maɓallai za su rikita ka.

Wanda ba shi da kwamfuta sam yana iya zane da hannu a salula da FlipaClip. Amma ya san lissafin: hoto 12 a kowane sakan, minti 3 zane 2,160 ke nan. Ya fara da fim na sakan 40. Ƙarancin kaya bai taɓa zama hujja ba a ƙasar nan: tun shekarun 1960 marigayi Moustapha Alassane yake yin fim ɗin zane mai motsi, da kayan da ba su kai salular aljihunka ba.

4. Ɗauki murya kafin zane

Murya ake fara ɗauka, sannan a yi motsi a kanta. Wanda ya yi motsi ya dawo yana neman murya ta dace da baki, aiki biyu ya yi.

Nemi ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, don su shanye amsa-kuwwa. Ɗakin siminti fayau ko aji babu kowa zai sa murya ta yi kamar daga rijiya. Kashe fanka da firiji, rufe taga. Lokacin da ya fi shi ne bayan hantsi kafin zafi ya taso, ko bayan isha'i. Ka kauce wa lokacin kiran salla da lokacin da injin niƙa na unguwa ke aiki. Salular da ke ɗauka a sa ta yanayin jirgin sama. Tazarar baki da makirfo kamar ɗani ɗaya. In manhajar ɗaukar tana ba da zaɓi, ka zaɓi WAV a kan 48 kHz, wanda shi ne ma'aunin sautin bidiyo.

Kafin kowa ya yi magana, ka ɗauki sakan 10 na shirun ɗakin. Da shi Audacity zai gane ƙarar da zai cire: ka zaɓi shirun, ka shiga Noise Reduction ka danna Get Noise Profile, sannan ka zaɓi muryar duka ka sake shiga ka zartar. Kada ka matsa shi da yawa, sai muryar ta koma ta ƙarfe.

Muryar Ilu yaro ne zai yi ta, ba babba mai matse maƙogwaro ba. Yara suna ganewa nan take. Ɗan shekara 6 ko 7 ya fi sauƙin aiki, kuma muryarsa tana wucewa a matsayin ta ɗan shekara 4. Kada ka ba shi takarda. Ka faɗi jimla da irin yanayin da kake so, ya maimaita bayanka, sau uku kowace jimla, ka zaɓi mafi kyau daga baya. Da ka ga ya fara mutsu-mutsu, a tashi. Minti 20 ya isa zama ɗaya. Muryar Kaka kuwa a samu tsohuwa ta gaske, a bar ta ta sa albarka yadda ta saba, ko da ta kauce wa rubutunka. Sau da yawa nata ya fi naka.

Gargaɗi: ka nemi izinin mahaifin yaro da mahaifiyarsa, ka gaya musu inda fim ɗin zai je, a rubuta a sa hannu, kuma wani nasa ya zauna a ɗakin lokacin ɗauka. Sannan kada a turo maka murya ta saƙon murya na WhatsApp, don yana matse ta ta lalace. A turo ta a matsayin fayil, ko a kawo a kile.

5. Zana labarin a takarda, ka gwada shi a kan yara

Ka raba takarda gida shida-shida, ka zana kowane yanki na fim ɗin: wa ke tsaye ina, ina yake kallo, daga nesa ake ganinsa ko daga kusa. Zanen ƴan sanduna ya isa. Fim na minti 3 zai ci gida 30 zuwa 40. Ka ɗauki hoton kowane gida da salula, ka jera su cikin Kdenlive a kan muryar da ka gyara, kowane hoto ya tsaya daidai tsawon maganarsa. Yanzu kana da fim ɗinka duka, sai dai ba ya motsi.

Wannan za ka kai wa yara huɗu ko biyar, ba ƴaƴanka kaɗai ba. Ka kunna, ka koma gefe, ka kalli fuskokinsu maimakon allo. Inda suka waiwaya ko suka fara taɓa juna, ka rubuta sakan ɗin: wurin ya yi tsawo ko bai fito ba. Da an gama kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e don kunya. Ka tambaya, "Me Ilu ya yi?" In suka ce "ya zubar da fura" suka tsaya nan, labarinka bai isar da saƙo ba, ka koma mataki na 2 ka rage ɓarnar, ka ƙara wa gyaran lokaci. In suka ce "ya gaya wa Inna", ka wuce gaba. Gyara a wannan mataki yini ɗaya ne. Gyara bayan an yi motsi wata guda ne.

6. Gina ƴan wasa da gidan

Ka sauƙaƙa siffa iyakar iyawarka. Babban kai, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon jiki, manyan idanu, gajerun ƙafafu, yatsu huɗu. Ƙananan yara fuska suke karantawa, don haka girar ido da baki su ne za ka ba ƙarfi. Kowane ɗan wasa ya samu launinsa da ba ya sauyawa: Ilu riga shuɗiya, Zara ɗankwali rawaya. Ka gina jiki ɗaya, ka kwafa, ka sauya tsawo da kaya ka fitar da sauran. Ka gina shi tsaye ya buɗe hannuwa gefe da gefe, don saka ƙashi ya yi sauƙi.

Gargaɗi: zane da hijabi da babbar riga su ne ke karya sabon shiga. Blender yana iya sa tufafi su yi lilo kamar na gaske, amma zai cinye ƙarfin kwamfutarka, kuma ƙafa za ta riƙa ɓullowa ta cikin zane. Ka gina tufafin a matsayin ɓangaren jiki, masu kauri, marasa lilo. Kaka kuwa a zaunar da ita kan tabarma daga farko har ƙarshe, ka huta da tafiyarta.

Gidan kada ka ɗauko shi daga intanet, don za ka samu ɗakin girkin Turawa da kujerun da yaranmu ba su sani ba. Ka zaga cikin Birni da salula, ka ɗauki hoton zaure, da zanen da magina ke yi a fuskar bango, da launin jar ƙasa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki ƙofar gidan mutane. A tsakar gida ka sa randa, turmi, murhu, tabarma, buta, jarkokin ruwa a jere, da bishiyar dogon yaro guda. Yaron Zinder da ya ga jarkoki a jere ya san gidansu ne. Amma kada ka cika wurin da tarkace. Abin da labari bai taɓa ba yana janye idon yaro ne kawai. Wannan tsakar gida ita za ka yi ta amfani da ita kashi goma masu zuwa, saboda haka ta cancanci mako guda.

Wajen haske, fitila ɗaya irin ta rana da ɗan haske mai laushi daga gaba sun isa. Ka gwada hoton a salula mai arha cikin hasken rana; in fuskar baƙin yaro ta nutse ba a ganin ido da baki, ƙara hasken gaba za ka yi, ba sauya launin fata ba.

7. Saka ƙashi da siffofin baki

Ɗan wasa ba ya motsi sai an saka masa ƙasusuwa a ciki. Blender yana zuwa da wani kayan aiki mai suna Rigify. Ka kunna shi, ka daidaita ƙasusuwan da gaɓoɓin jiki, ka haɗa jiki da ƙashi ta zaɓin Automatic Weights. Kafin ka haɗa, ka zaɓi jikin ka danna Ctrl da A ka zartar da girma da juyi. Wanda ya manta wannan zai ga hannu ya murɗe kamar igiya, ya rasa dalili. Bayan haɗawa ka ɗaga hannu, ka lanƙwasa gwiwa, ka durƙusar da shi, don durƙuso shi ne motsin da za ka fi buƙata kuma shi ya fi tona asirin aiki.

Baki kuwa siffa biyar ta isa Hausa: rufaffe na m da b da ɓ, buɗaɗɗe na a, shimfiɗaɗɗe na i da e, zagayayye na u da o, da ɗan buɗe na hutu. Darussan Turawa za su ce ka yi siffar haƙori a kan leɓe. Ba ka buƙatarta, don mu da leɓɓa kawai muke furta f. Akwai manhajar kyauta mai suna Rhubarb Lip Sync da ke sauraron murya ta jera siffofin. In za ka yi aiki da ita ka zaɓi tsarinta na bin sauti, wanda aka yi don harsunan da ba Ingilishi ba. Da hannu ma ana yi, kuma abin da ido ke kamawa shi ne baki ya rufe daidai kan m da b.

8. Motsi

Kafin komai ka sa fayil ɗin a kan hoto 25 a sakan, wanda shi ne na tele a ƙasashenmu, ka kuma shigo da muryar. In ka sauya wannan lamba a tsakiyar aiki, baki da murya za su rabu.

Kowane yanki fayil ɗinsa daban, da lamba: 01, 02, 03. Ka fara da manyan tsayuwa kawai: Ilu tsaye, Ilu ya sunkuyar da kai, Ilu ya ɗago. Ka kalla, in labarin ya fito da waɗannan, sannan ka cike tsakani, daga ƙarshe ka sa ƙiftawar ido da baki. Tafiya da gudu da durƙuso da miƙa hannu biyu, kowanne ka yi shi sau ɗaya da kyau ka adana, ka riƙa ɗaukowa. In ba ka san yadda motsi yake ba, ka sa wani yaro ya yi ka ɗauke shi a bidiyo ka duba. Kyamara ta tsaya wuri ɗaya a daidai tsawon yaro, kowane yanki ya yi sakan 4 zuwa 6 ko fiye. Yanke-yanke da sauri da walƙiyar haske ba na wannan shekarun ba ne, kuma walƙiya tana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa.

Gargaɗi: kada ka taɓa juya hoto kamar a madubi don ka huta da sake motsi. Ilu da ke karɓa da dama zai koma yana karɓa da hagu, kuma kakar farko da ta gani za ta sa a kashe.

In kana gama sakan 6 a rana, sakan 180 kwana 30 ne na aiki. Ka rubuta wannan a bango don kada ka yi wa kowa alkawarin mako biyu.

9. Fitar da hotuna

Blender yana da manyan injinan fitarwa biyu, wato masu mayar da aikinka hotunan fim. Cycles ya fi kyau amma yana da nauyi. Eevee ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma shi ya dace da katun na yara. Girman hoto 1280 da 720 ya isa salula. In kana nufin gidan tele, 1920 da 1080. Ka fitar da hoto ɗaya ka duba sakan nawa ya ci, sannan ka yi lissafi. Minti 3 hoto 4,500 ne. In kowanne sakan 4 ne, awa 5 ke nan. In sakan 10 ne, awa 12 da rabi.

Ga abin da zai cece ka daga ɗaukewar wuta: kada ka fitar kai tsaye a matsayin bidiyo. Ka zaɓi PNG, kowane hoto ya fita daban cikin jakar yankinsa, ka cire alamar da ke kan Overwrite. In kwamfuta ta mutu a tsakiyar fitarwa, da ka kunna ka goge na ƙarshen in ya fita rabi, ka sake dannawa, sai ta tsallake waɗanda ta gama ta ci gaba. Bidiyo kuwa in ya katse yawanci ya tafi duka. Ka tanadi jiga 10 zuwa 15 na wuri.

Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana sa kwamfuta ta rage gudu ko ta kashe kanta. Ka bar fitarwa sai dare, ka ɗora kwamfutar kan ƴan duwatsu ko katako iska ta shiga ƙarƙashinta, fanka na busa ta, kada a kan katifa ko darduma. Bayan hunturu ka kai a buɗe ta a share ƙura. Kowace yamma ka kwafi aikinka wuri biyu, ɗaya a wajen kwamfutar, ka kuma danna Pack Resources don hotuna da sauti su shige cikin fayil ɗin.

10. Haɗawa, waƙa da rubutu

Ka shigo da jerin hotunan cikin Kdenlive, ka ɗora murya, sannan ƙananan sautuka: faɗuwar ƙwarya, takun ƙafa, kukan zakara daga nesa. Duk da salula za ka ɗauke su a gida. Waƙar buɗewa sakan 15 ta isa, layi biyu da yara za su iya rerawa, da tafi. Akwai gidaje da yawa da ba sa son kiɗa, kuma murya da tafi suna shiga kowane gida. In akwai waƙa a ƙarƙashin magana, a rage ta sosai. Ka gwada da lasifikar salula, in kalma ɗaya ta ɓace ka ƙara ragewa.

Gargaɗi: kada ka ɗauki kiɗan fim ɗin Indiya ko waƙar wani mawaƙi ka ɗora. Haƙƙin mutum ne, kuma YouTube yana ganewa ya toshe ko ya ba mai waƙar kuɗin. Naka aikin kuma ka yi masa rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa.

Wajen rubuta suna, yawancin salon haruffa ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai ka ga akwati a madadinsu. Andika da Noto Sans suna da su, kuma kyauta ne. Ka fitar da fim ɗin MP4 iri biyu: babba na ajiya da tele, da ƙarami mai sauƙin turawa.

11. Kai shi ga yara

Kada ka saki kashi ɗaya ka ɓace. Ka tara uku tukuna, don yaro da ya so Ilu gobe ma zai nema. Fara da jardan na unguwarku da ƙungiyoyin iyaye na WhatsApp, sannan masu tura fina-finai a memori a Kasuwar Dole da bakin tasha, waɗanda ke kai abu ƙauyukan da intanet bai kai ba. Tun da fim ɗin zai yi ta yawo daga waya zuwa waya ba da saninka ba, ka sa ƙaramin tambarinka a kusurwa tun daga farko har ƙarshe.

A YouTube dole ka nuna cewa bidiyon na yara ne; tun Janairun 2020 wannan ke rufe wurin sharhi, yana kuma hana tallan da ke bin mai kallo, saboda haka kuɗin da ke shigowa ta nan kaɗan ne. Wanda ke son aikin ya ciyar da shi ya dubi gidajen tele, da makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin da ke aikin ilimin yara. Kowace yarjejeniya a rubuta ta: sau nawa za a nuna, na wane tsawon lokaci, kuma fim ɗin da ƴan wasansa suna nan mallakarka. In mai ɗaukar nauyi ya ce a sa Ilu yana shan lemonsa ko yana cin alewarsa, ka ƙi. Ɗan shekara 4 bai san bambancin talla da labari ba.

A ƙarshen kowane kashi ka sa sakan 10 na iyaye, da muryar Inna: tambaya ɗaya da za su yi wa yaro, da roƙon a kashe a tashi a yi wasa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana zaune gaban allo, ƙasa da haka ya fi, wanda bai kai 2 ba kuwa a bar shi ba kallo. Don haka kada ka haɗa kashi-kashi su zama bidiyon awa biyu da ke zarcewa da kansa, ko da an ce maka shi ya fi jawo masu kallo.

Kashi na biyu kuwa daga mataki na 1 za ka koma, ka tsallake na 3 da na 6 da na 7, tun da gida da ƴan wasa da ƙasusuwansu suna nan. Muryoyin kashi uku ko huɗu ka ɗauke su cikin wata ɗaya, don muryar yaro tana sauyawa kafin shekara ta zagayo.